Macijin Kusugu Ya Girmi Bayajidda

Da wuya a sami wanda ya yi firamare a Gombe, ko Kano, ko Maraɗi, bai ji labarin nan ba. Wani ɗan sarkin Bagadaza, ana ce masa Abuyazidu ko Bayajidda, ya bar garinsu da rundunarsa ya sauka Barno. Mai na Barno ya aurar masa da 'yarsa Magira, amma yawan dakarun baƙon ya tsorata shi, ya yi ta janye su da dabara har baƙo ya wayi gari ba kowa a bayansa. Ya gudu yamma da matarsa tana da juna biyu, ya bar ta a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, inda ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Da dare ya shiga Daura, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa ruwa sai Juma'a, domin akwai maciji a rijiyar Kusugu, sunansa Sarki, ba ya bari a ɗiba sai ranar. Baƙo ya karɓi guga ya tafi. Ya zura, maciji ya riƙe, ya yi ta ja har kan ya fito bakin rijiya, ya sare shi ya jefa a jaka, ya shayar da dabbarsa, ya kawo wa tsohuwa sauran ruwan. Gari na wayewa aka ga gangar jikin maciji a yashe. Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, maƙaryata suka yi ta fitowa, aka ce kowa ya kawo kai, suka yi tsuru-tsuru. Da aka kawo baƙo ya zazzage jakarsa, sai ya ce shi a bar masa rabin gari, auren sarauniya yake so. Ta fara ba shi kuyanga, Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari. Daga baya ita ma ta haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, da Biram aka cika Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuwa aka ce su ne Banza Bakwai.

An daɗe ana jayayya a kan wannan labari, kuma jayayyar kusan kullum tambaya ɗaya take zagayawa: ya faru ko bai faru ba? Masu cewa ya faru suna nuna rijiya. Masu cewa tatsuniya ce suna tambayar wane ɗan halifa ne ya taɓa ɓacewa daga Bagadaza har marubutan Larabawa, masu bin diddigin nasabar kowane basarake, suka kasa lura. A ganina duka ɓangarorin biyu sun ɗauka labarin abu ɗaya ne da aka ƙaga ko aka gani a rana ɗaya, alhali shi kamar tsohuwar katangar ƙasa yake, wadda kowane zamani ya zo ya yi mata nasa yaɓen, sai damina ta zaftare gefe ake ganin wanne ke ƙarƙashin wanne. Akwai yaɓen addinin gargajiya, akwai na dangantakar ƙasar Hausa da Barno, akwai na Musulunci. Abin da nake son tabbatarwa shi ne Bagadaza, wadda labarin ya fara da ita, ita ce ta zo daga ƙarshe, maciji da sarauniya kuwa, waɗanda baƙo ya tarar a ƙarshen tafiyarsa, su ne tushen da aka ɗora sauran a kai.

Shaida ta farko rubuce-rubuce ne. A 1812, tun bai zama Sarkin Musulmi ba, Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya kawo abin da ya ji game da asalin sarakunan Hausa. A wajensa kakansu Bawo ne, kuma Bawo bawan sarkin Barno ne. Babu ɗan sarkin Bagadaza a wannan bayani. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, shi ma Bawo ya ji ana ambata, har a ruwayar da ya samu Karɓagari uban Bawo ne, maimakon ɗan'uwansa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya fara da Barbushe da Dutsen Dala, ya kawo zuwan Bagauda da jama'arsa, bai ba da labarin rijiya da maciji ba. Cikakken labarin kamar yadda muka haddace shi ya shiga bugun littafi ne a farkon ƙarni na 20, ta hannun jami'an Turawa irin su E. J. Arnett a 1910 da Palmer a 1928, waɗanda suka samo shi daga rubutu da bakin mutanen ƙasar. Mai musu zai ce Bello abokin gabar sarakunan Haɓe ne, yanzu-yanzu ya gama yaƙarsu, don haka ba mamaki ya mayar da kakansu bawa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na cewa rashin ambaton Bayajidda a littafin Bello ya nuna ba a san shi a Daura ba a lokacin. Sai dai a lura da abu ɗaya: Bello ya ware Gobirawa, ya ce su 'ya'ya ne, ba bayi ba, asalinsu daga Ƙibɗawan Masar. Gobir ce ta kori Shehu Usmanu daga Ɗagel, da ita aka yi Tabkin Kwatto da Alƙalawa. Da ƙasƙanci kawai yake nufi, da Gobir zai fara. Abin da ya fi kama hankali shi ne ya rubuta ruwayar da ke yawo a zamaninsa, kuma a cikinta Barno da Bawo ne ginshiƙai.

Mu koma ga macijin, domin a nan dukiyar take. Wannan maciji bai yi kama da dabbar da ta faɗa rijiya bisa tsautsayi ba. Yana da suna, yana da ranar da yake bayarwa da ranakun da yake hanawa, gari guda da sarauniyarsa da mayaƙansa suna bin dokarsa, ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar makami. Haka ake yi wa abin bauta. Kuma Daura ba ita kaɗai ke da irin wannan ba. Al-Bakari, malamin Andalus da ya yi rubutu a 1068, ya ba da labarin mutanen Zafƙu a yammacin Afirka, masu bauta wa wani ƙaton maciji a cikin kogo. Idan sarkinsu ya mutu sai a tara masu neman gado a bakin kogon, maciji ya fito ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zungura da hanci shi ne sarki. Soninkawa suna da labarin Bida, macijin Wagadu, wanda ake ba budurwa duk shekara, har wani saurayi ya sare kansa, fari ya biyo baya, daula ta watse. A Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, wanda aka rubuta a ƙarni na 17, mutanen Kukiya suna bauta wa wani kifi mai zobe a hanci, sai wani baƙo daga Yaman ya soke shi, suka naɗa shi sarki, daga gare shi sarautar Za ta Sanwai ta fito. Dubi yadda ƙashin labarin yake ɗaya da na Daura: abin bauta a cikin ruwa, baƙo daga gabas, kisa, sarauta. Labarin da ake samu daga bakin kogin Sanagal har zuwa Daura ba rahoton abin da ya faru a wani dare ɗaya ba ne. Hanya ce da mutanen wannan yanki suke bi su bayyana yadda iko ya tashi daga hannun masu tsafi ya koma hannun masu doki da takobi.

Sarauniyar ma haka take. Jerin sarautar Daura ya fara da mata, irin su Kufuru, Yakumo, Gizirgizir da Innagari, kafin a zo kan Daurama, kuma ruwaya ta ce a Tsohon Birni suka fara zama. Ko mutum ya yi shakkar sunayen, ba zai yi shakkar kujerar ba, domin ba ta mutu ba. Har yau akwai Magajiya a Daura. A Tsibirin Gobir akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya, matan gidan sarauta ne, kuma a al'ada su ne shugabannin 'yan bori, masu kula da tsakanin fada da iskoki. Wurare biyun nan suna cikin inda sarautun Haɓe suka koma bayan jihadi, shi ya sa tsohon tsari ya fi wanzuwa a can. Idan aka sa wannan a gaba, jinkirin Daurama na yarda da baƙo a matsayin miji, har ta tura masa kuyanga tukuna, ya daina zama abin mamaki, domin ruwayoyin Daura sun ce sarauniyoyin ba sa aure. Wani abin lura kuma: wanda ya kashe maciji bai ci gari da yaƙi ba, kuma jerin sarakuna maza da ɗan sarauniya ya fara. Haƙƙin mulki ta wajen uwa ya bi. Labarin yana tunawa da sulhu ne tsakanin baƙin ƙarfi da masu ƙasa. Kano ta ba da nata irin wannan labari ba tare da aure ba, kuma can abin ya fi tsanani: zuriyar Bagauda sun shafe ƙarnuka suna fafatawa da magadan Barbushe a kan tsafin Tsumburbura.

Yaɓe na biyu shi ne wanda ya fi kusa da abin da masana tarihi ke iya tabbatarwa. Kowane zango na tafiyar Bayajidda kafin Daura yana nuna gabas ta kusa. Magira sarauta ce ta uwar Mai a Barno. Biram, babban ɗa, yana zaune a bakin iyakar Hausa da Barno. Galadima, Ciroma da Yarima, sarautun da kowace fadar Hausa ke taƙama da su, daga Barno aka aro su, kuma garuruwan Hausa sun daɗe suna aika gaisuwa Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15. Gaya ma ba banza ta shigo ba, domin Kanawa suna da ruwayar Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya neman tama suka zauna a gindin Dala. Doki, ƙarfe, da alaƙa da Barno mai haɗe da girmamawa da tsoro: waɗannan abubuwa ne na gaske da suka gina sarautun Hausa, kuma Tarihin Kano ya tuna da Kanajeji, a wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Palmer ya so ya wuce nan, ya haɗa Bayajidda da Abu Yazid, ɗan ƙabilar Barbar ta arewacin Afirka kuma ɗan Hawarij da ya tayar wa Faɗimiyyawa a ƙasar Tunusiya, W. K. R. Hallam kuma ya ƙarfafa ra'ayin a 1966 da cewa mabiyansa ne suka gudo kudu. Abu Yazid dai ya mutu a hannun Faɗimiyyawa a 947, ba ɗan sarki ba ne, ba daga Bagadaza yake ba, kuma da jaki aka san shi. Kamannin suna kaɗai ba ya ɗaukar wannan nauyi. Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya fi gamsarwa a 1970, da ya nuna birane sun tsiro ne daga ƙauyuka da garuruwa, a wuraren da ke da ƙasar noma da tama da duwatsun iskoki kamar Dala da Kufena. An gano ana narka ƙarfe a Dala tun ƙarni na 7, kafin a aza tubalin Bagadaza a 762. Harshen ma shaida ne, kuma mutumin Gombe ya fi kowa kusa da ita: 'yan'uwan Hausa na kusa su ne Bolanci da Tangale da ake yi a cikin jihar nan, dukansu daga zuriyar harsunan Cadi.

To ina Bagadaza ta fito? Daga inda Yaman ta fito a bakin maƙwabta. Sarakunan Saifawa na Barno sun ce su jikokin Saifu ɗan Zi Yazan ne na Yaman. A ƙasar Gombe Bolawa da Terawa da Tangale duk suna da ruwayar tasowa daga Yaman. Mutanen Bargu suna ambaton Kisra. Da Musulunci ya zama ma'aunin daraja, kowane gidan sarauta ya nemi igiyar da za ta ɗaure shi da ƙasashen Annabawa da halifofi. Zaton da nake yi shi ne Bagadaza ta dace da Hausa don dalili biyu: birnin halifancin Abbasiyawa ce, wanda ya ɗara Yaman ɗin Barno a martaba, kuma can ne makwancin Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ɗariƙarsa ta yi ƙarfi a nan. Haka aka sa wa uban baƙo suna Abdullahi, aka mayar da ranar maciji Juma'a, kashe abin bautar gari ya koma kamar rushe gunki. Hausawa sun saba da irin wannan haɗi. A Kano akwai Dirki, abin da aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu, wanda da Sarki Alwali ya sa aka fasa shi da gatari sai aka tarar da Alƙur'ani a ciki. A Daura kuwa Sallar Gani, bikin da fada ke fito da tsohuwar al'adarta, a watan Mauludi ake yin ta.

Wanda yake ganin wannan aibi ne na Baƙar Fata ya dubi labarin Sarki Arthur na Birtaniya. Gildas, malamin Kirista na ƙarni na 6, ya ambaci yaƙin Badon da wani shugaba Ambrosius, bai ambaci Arthur ba. Sai a wajen 830 wani littafi ya kawo Arthur a matsayin jagoran yaƙi mai nasara goma sha biyu, ɗauke da hoton Maryama a ɗaya daga cikinsu. A tsofaffin labaran Wales kuwa mafarautin wani ƙaton gursunu ne mai tsafi, kuma mai kai hari wata duniya don ƙwato tukunyar sihiri. A wajen 1138 Geoffrey na Monmouth ya mayar da shi babban sarki, ya kuma jawo asalin mutanen Birtaniya daga Brutus na birnin Troy, wato tasu Bagadazar ke nan. Kafin 1200 marubutan Faransa sun cika fadarsa da barade, aka shigo da wani akushi mai ban al'ajabi, wanda Robert de Boron ya mayar da shi ƙoƙon cin abincin ƙarshe na Annabi Isa, bisa aƙidar Kirista. Tun a ƙarni na 12 William na Newburgh ya ce Geoffrey ƙarya ya shara, amma hakan bai hana masana yau karanta labaran don sanin Birtaniyar da ta haife su ba.

Masu nuna rijiya da takobin da ke fadar Daura suna da hujjar da ta cancanci a amsa ta da ladabi. Rijiyar gaskiya ce, tsohuwa ce, kuma kasancewar labarin ya manne mata yana ƙarfafa abin da nake faɗa, cewa wurin mai alfarma ne tun kafin a san baƙo. Abin da rijiya ba za ta iya ba shi ne faɗin sunan wanda ya tsaya a bakinta, ko garin da ya fito. A Birtaniya ma, a 1191 sufayen Glastonbury, shekara bakwai bayan gobara ta cinye majami'arsu, sun ce sun tono kabarin Arthur, kuma a 1278 Sarki Edward na Ɗaya, wanda ke fama da mutanen Wales, ya halarci sake binne ƙasusuwan. Kayan tarihi suna samun sabon aiki duk lokacin da siyasa ta buƙace su. Daura ta san wannan buƙata. Da jihadi Malam Isiyaku ya karɓi garin, gidan Haɓe ya watse zuwa Zango da Ɓaure, sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga zuriyar tsohon gidan. Gidan da ya yi kusan shekara ɗari a waje yana da kowane dalili na riƙe labarin da ya ce daga ɗakinsa duk sarakunan Hausa suka fito, kuma daidai wannan zamani ne Arnett da Palmer suke tattara ruwayoyi. Wannan ba ya nufin an ƙaga labarin a 1906. Yana bayyana dalilin da ya sa ruwayar Daura ta danne sauran.

Akwai kuma wanda zai ce tono tushen maguzanci a tarihin Musulmi raina addini ne. Shehu Usmanu da kansa, a Nurul Albabi, ya bayyana yadda mutanen zamaninsa ke girmama itatuwa da duwatsu suna yi musu yanka, kuma Ibnul Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa. Sanin abin da aka bari yana cikin sanin girman abin da aka karɓa. Mutanen Gombe ba sa buƙatar zuwa Daura don ganin yadda ake yin wannan gado. Dutsen Bima, kusa da Daɗin Kowa, wuri ne da mazauna gindinsa suke girmamawa tun da can. A ƙarni na 19 sai ya shiga zancen bayyanar Mahadi, kuma wannan fata na cikin abin da ya ja dubban masu hijira zuwa kwarin Gongola tare da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Dutse ɗaya, ma'ana biyu, ta biyun ta hau kan ta farko, kuma a nan abin ya faru kusa da zamaninmu har muna iya ganin yadda ya gudana.

Saura Banza Bakwai, wanda shi ne ɓangaren da ya fi yi wa mai karatu a Gombe zafi, domin Kwararrafa na cikin jerin, kuma Jukunawan Pindiga suna danganta kansu da ita. Idan aka ɗauki labarin a matsayin nasabar jini, to ƙarya ce mai cin mutunci: Nupawa da Yarabawa da Gwarawa da Jukunawa harsunansu ma ba dangin Hausa ba ne, balle a ce daga kuyanga ɗaya suka fito. Amma jerin yana da ma'ana idan aka karanta shi a matsayin taswirar siyasa ta wani zamani. Duk waɗanda aka lissafa suna kudu ne ko yamma, babu ko ɗaya a gabas, inda Barno take, wadda aka ba matsayin suruka. Zamfara da Kabi Hausa suke ji, amma aka jefa su cikin banza, abin da ke nuna ma'aunin wani abu ne daban da harshe. Kabi ta Kanta, a ƙarni na 16, ta fi ƙarfin maƙwabtanta har ta kara da Barno. Kwararrafa kuwa ta sha kai wa Kano yaƙi, kuma Tarihin Kano da kansa ya yarda cewa a ƙarni na 17, zamanin Sarki Dadi, mayaƙanta sun kutsa har cikin birni. Waɗanda aka kira banza su ne maƙwabtan da garuruwan Hausa suka yi ciniki da su, suka yi yaƙi da su, wani lokaci suka sha kashi a hannunsu, kuma ba su cikin zoben da ke kallon Barno. Ƙarfinsu ya kai a sa su cikin gida ɗaya da 'ya'yan Bawo, gabar da ke tsakani kuma ta sa aka ba su ɗakin kuyanga.